Tartsatsin da ke cikin tarkon ƙura ba lalacewa ba ne

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in sa baki a maganar toka da hayaƙin masana'antu da mutanen Kano ke ta kuka da su. Masu rubuto maka da yawa suna cewa a tilasta wa masu masana'antu su sayi na'urar tace hayaƙi, kuma ina bayansu, don ni ma uwargida ba ta shanya farin kaya a tsakar gida sai ta duba inda iska ta dosa. Amma abin da ya sa na ɗauki biro daban ne. Na je inda aka riga aka sayi na'urar, aka kafa ta da maƙudan kuɗi, koriyar fitilarta na ci, toka kuwa na fita ta bututu kamar ba a kafa komai ba. Da na bi sawun abin, sai na tarar tsoron tartsatsi ne kaɗai ya jawo.

Ni tsohon ma'aikacin lantarki ne. Shekara 26 na yi a wata masana'antar siminti a nan Arewa, mafi yawansu a ɗakin da ake sarrafa wutar abin da mu ma'aikata ke kira firisifiteta. A nan zan kira shi tarkon ƙura, don aikinsa ke nan. Yanzu na yi ritaya, ina zaune a gefen Sharaɗa, ina taɓa gyaran sitabilaiza da injin walda a ƙofar gida don kada hannu ya mutu.

Da hunturun bara ɗan maƙwabcina ya same ni bayan sallar isha'i. Yana aikin lantarki a wani babban kamfanin gyaran shinkafa a bayan gari, inda ake ƙona buntu a tukunyar tururi. Ya ce, "Baba, mutanen ƙauyen da ke kusa da mu sun zo har sau biyu da ƙorafi, wai toka ta rufe musu kayan lambu da randunan ruwa. Mu kuma tarkonmu lafiyarsa ƙalau, ko tari ba ya yi." Wannan "ko tari ba ya yi" ita ta tsaya mini a rai. Na ce ya nemo mini izinin manajansu, zan zo in gani da idona.

Kada a raina tokar buntu. Tan ɗaya na shanshera yakan bar buntu kusan kilo 200, in an ƙone shi kuma ya bar toka kusan kilo 40, mafi yawanta sinadarin nan ne da ke cikin yashi. Shi ya sa in ta faɗa ido take yanka kamar garin kwalba. A lissafa tan nawa babban kamfani ke gyarawa a yini.

Na shiga ɗakin wutar na tarar da kabad uku a jere, kowanne na sashe ɗaya na tarkon, kowanne da mitocinsa huɗu. Idona ya tafi kan mitar da ke nuna ƙarfin wutar da ke cikin tarko. Allurarta na kan bolt dubu 27, tsaye cik kamar an manna ta da gam. Na tsaya da agogon hannuna minti biyar cur, ba ta motsa ba. Na biyu haka, na uku haka. Manaja, mutumin kirki ne, ya zo da kansa yana murmushi, ya ce a farkon kafa na'urar allurar nan tsalle take ta yi ba dare ba rana, ana jin ƙara tas, tas daga ciki, har wata rana waya ta tsinke a ciki aka tsayar da aiki kwana biyu. Waɗanda suka kafa ta sun koma ƙasarsu. Sai wani mai gyara ya zo ya rage mata wuta har ta daina tsallen. "Tun daga ranar," in ji shi, "ba ta sake ba mu ciwon kai ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mai barci ba ya faɗa da kowa."

Abin da na gaya masa a ranar shi nake so masu karatu su ji, musamman masu masana'antu da jami'an da ke zuwa duba su.

Duk wanda ya taɓa goga biro a gashin kansa da hunturu ya ɗauki guntun takarda da shi, ko ya ga yadda ƙura ke manne wa gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya, ya riga ya san rabin ilimin. Tarkon wani ƙaton ɗaki ne na ƙarfe da hayaƙi ke ratsawa kafin ya kai bututu. A ciki an rataye allunan ƙarfe layi-layi, tsakanin kowane biyu akwai lungu mai faɗin santimita 30 zuwa 40, a tsakiyar lungun kuma wayoyi ne a tsaye. Allunan an haɗa su da ƙasa. Wayoyin ana ɗora musu wuta mai gudu hanya ɗaya, wadda yawanci takan kai bolt dubu 40 zuwa dubu 70, alhali ta gidajenmu 230 ce. In wutar ta kai wani matsayi, iskar da ke jikin wayar sai ta fara tsiyayar da caji, da ɗan shuɗin haske da huci, irin hucin da za ka ji a ƙarƙashin manyan layukan wutar da ke shiga tashar Kumbotso in an yi ruwa. Cajin ya hau kan ƙwayoyin toka, su kuma su karkata su manne a jikin alluna. Lokaci-lokaci wasu guduma su bugi allunan, tokar ta zubo cikin mazurari a ƙasa, a kwashe. In yana aiki yadda ya kamata, yana kama fiye da kashi 99 cikin 100.

Ba sabon abu ba ne. Wani malamin jami'a a Kalifoniya ta Amurka, Frederick Cottrell, shi ya fara cin nasarar sa shi aiki a masana'anta wajen 1907. A 1912 aka kafa shi a wata masana'antar siminti a Riverside, saboda manoman lemo sun tada ƙayar baya kan ƙurar da ke rufe musu gonaki. Na gaya wa manaja cewa masu kayan lambun da suka zo masa ba su ne farau ba.

To ga inda gizo ke saƙa. Yawan ƙurar da tarko ke kamawa yana bin ƙarfin wutar da ke tsakanin waya da allo, kuma ba bi na ɗaya-da-ɗaya ba. Ƙarfin wutar ne ke ƙayyade yawan cajin da ƙwayar toka ke ɗauka, shi ne kuma ke ƙayyade ƙarfin da ke jan ta zuwa allo, saboda haka sau biyu yake shiga lissafi. In ka rage wutar da kashi 30 cikin 100, saurin da toka ke tafiya zuwa allo ya faɗi kusan rabi. A lissafin da Bajamushe Deutsch ya fitar a 1922, wanda har yau da shi ake fara koyar da wannan aiki, tarkon da ke barin kashi 1 cikin 100 ya tsere, in saurin nan ya faɗi rabi, kashi 10 zai bari. Ninki goma ke nan a kan rufin mutane, daga ɗan murɗa maɓalli da ba wanda ya lura.

Ke nan so ake a ɗaga wutar iya ɗagawa. Amma tana da iyaka. In ta wuce abin da iskar da ke cikin lungun za ta iya riƙewa, sai ta tsaga iskar ta yi tsalle daga waya zuwa allo. Shi ne tartsatsin, ƙaramar aradu ce a cikin ɗaki. Wahalar ita ce iyakar nan ba ta zama wuri guda. Zafin hayaƙi ya canza, ta matsa. Buntu ya zo da danshi, ta matsa. Guduma ta bugi allo ƙura ta tashi, ta matsa. Ba injiniyan da zai rubuta maka lamba ɗaya a takarda ya ce nan ne iyakar. Hanya ɗaya ce ta sanin inda take a wannan sakan ɗin: a taɓa ta.

Na ce wa manaja, ai kai ɗan kasuwa ne, ka san yadda ake yi a Kantin Kwari. Mai kaya yana ɗan ƙara farashi har sai mai saye ya juya zai tafi. Nan ya gane ya kai maƙura, sai ya ce zo mana Alhaji, ya sauko kaɗan. Ba ya saukowa rabi. Gobe kuma ya sake gwadawa, don kasuwar jiya ba ita ce ta yau ba. Wanda tsoron juyawar mai saye ya sa yake sayarwa yadda ya saro, ba wanda zai yi masa musu, amma ba zai daɗe da shago ba. Kwantirolar da ke cikin kabad ɗin nan cinikin da take yi da iska ke nan. Tana ɗaga wuta a hankali, tartsatsi ya tashi, ta ja da baya kaɗan, ta sake hawa. Allurar da kuka ga tana tsalle, aikinta take yi.

Bari in faɗi abin da ke faruwa a cikin tsallen nan guda ɗaya, don a nan gwanintar take, kuma duk kafin ƙiftawar ido ake gama shi. Wutar layinmu tana kai da komo sau 50 a sakan, wato rabin zagaye 100, kowanne kashi ɗaya cikin 100 na sakan. Kafin wutar ta shiga taransifomar da ke ɗaga ta da rektifayar da ke miƙar da ita hanya ɗaya, tana bi ta wasu ƙofofi biyu da muke kira tayirista. A kowane rabin zagaye kwantirola ke yanke shawarar yaushe za ta buɗe ƙofa. Ta buɗe da wuri, wuta ta shiga da yawa. Ta buɗe a makare, ta shiga kaɗan. Sai dai tayirista na da wani hali: in an buɗe ta ba ta rufuwa sai wutar wannan rabin zagayen ta sauko da kanta zuwa sifili. Saboda haka in tartsatsi ya tashi a tsakiya, kwantirola ba ta da ikon yanke shi nan take. Abin da ke riƙe linzami a wannan ɗan tsakanin shi ne wani ƙaton naɗin waya da aka jera a hanyar wutar, ɗan'uwan cok ɗin doguwar fitila ta da, wanda ba ya barin wuta ta kwararo gaba ɗaya lokaci guda. Na taɓa ganin inda aka cire shi aka haɗa kai tsaye don ya ƙone ba a samu madadinsa ba. Tayiristocin ba su kwana ba.

Kwantirola tana gane tartsatsi ne ta alamu biyu da ke zuwa tare: ƙarfin wutar cikin tarko ya faɗi warwas, yawan wutar da ke gudana kuma ya yi sama. Ƙananan tartsatsi da yawa sukan mutu da kansu, waɗannan ɗan rage buɗin ƙofa ya ishe su. In babba ne, sai ta ƙi buɗe ƙofa gaba ɗaya na rabin zagaye biyu ko huɗu. Mu ce ta ɗauke numfashi. Dalili kuwa, hanyar da tartsatsin ya tsaga a cikin iska tana nan da zafinta, a buɗe, kamar inda ruwa ya ɓalle a kunyar fadama. In ka sako ruwa kafin ka toshe, nan zai sake bi, ɓarakar ta ƙara faɗi. In aka maido wuta da gaggawa, tartsatsin sai ya zama harshen wuta mai ɗorewa, irin wanda mai walda ke riƙewa a bakin sandarsa, kuma aikin da yake yi wa ƙarfe a Ƙofar Ruwa shi zai yi wa wayar tarko. Ɗan jinkirin nan yana ba hayaƙi mai tafiya damar share hanyar.

Daga nan sai ta maido wutar da sauri, amma ba zuwa inda tartsatsin ya tashi ba, ƙasa da nan kaɗan. Sannan ta ci gaba da hawa a hankali, har ta sake taɓo iyakar. Abubuwa uku ke nan a hannun mai saita ta: tsawon ɗauke numfashi, yawan ja da baya, da saurin hawa. Kowanne in ya yi yawa ɓarna ne, in ya yi kaɗan ɓarna ne. Ka tsawaita ɗauke numfashi, duk tokar da ta ratsa a lokacin ta wuce ba caji. Ka gajarta shi, ka samu walda. Ka ja da baya da yawa, tarko ya ɓata rabin ransa yana hawa tudu. Ka hau da gaggawa, tartsatsi ya yi ta saran waya a wuri ɗaya har ta tsinke, wanda nake kyautata zaton shi ya faru da su tun farko. Littattafan da muka koyi aiki da su suna cewa tartsatsi 50 zuwa 100 a minti a kowane sashe. Kwantirololin zamani masu ƙwaƙwalwar kwamfuta ana saita su ƙasa da haka sosai, goma zuwa talatin ma ya isa, don sun fi na zamaninmu iya laɓewa a gindin iyakar. Akwai ma sababbin da ba sa jiran zagayen wutar layi, suna sara wutar sau dubbai a sakan, su kan yanke ta kafin tartsatsi ya gama tsayuwa da ƙafarsa. Amma a sashen farko, inda toka ta fi kauri, rashin tartsatsi yini guda ga allura a ƙasa ba alamar lafiya ba ce.

Ban taɓa maɓalli ba a ranar. Wanda ya ɗaga wutar tarkon da bai leƙa cikinsa ba, neman magana yake. Na koma ranar Juma'a da aka kashe tukunya ta huce. Muka bi tsarin mukullai, wanda sai ka kashe wuta ka zare mukulli na farko kafin ya sakar maka na biyu, har zuwa na ƙofar shiga. Yaron ya miƙa hannu zai shiga, na riƙe masa riga. Na ce, "Ɗana, sandar ƙasa fa?" Tarko yana riƙe caji bayan an kashe shi, sai an taɓa wayoyin da sandar da aka haɗa da ƙasa, an kuma rataye ta a nan har a fito. Ya ce ba su taɓa amfani da ita ba. Muka same ta a bayan ƙofa, an rataya mata tsumma.

A ciki muka tarar da abu biyu. Mazurarin sashe na biyu ya cika har toka ta kusa taɓa ƙasan wayoyi, don abin da ke juyawa yana fitar da ita ya toshe. Tangaran da ke riƙe da wayoyin sashe na farko kuma ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, hitar da ke ɗumama shi don kada raɓa ta kwanta ta mutu tuntuni. Da an ɗaga wuta a haka, ta jikin tangaran za ta bi, ta fasa shi. Muka kwashe, muka goge, aka sa sabuwar hita.

Ranar Asabar da aka tada tukunya, wuta ta kama sosai, na sa yaron ya ɗaga da hannunsa iyakar wutar da mai gyaran nan ya ƙulle. Allura ta fara tafiya, 30, 38, 45. Tana wuce 50 sai tas, ta faɗo ta koma. Yaron ya yi baya har ya take mini ƙafa, hannunsa ya nufi jan maɓalli. Na ce bari. Na ba shi agogona na ce ƙirga. Ya ƙirga 18 a minti. Muka fita waje, manaja na tsaye ya ɗaga kai sama. Kafin a kira azahar bakin bututun ya washe, sai ɗan rawar zafi kawai ake gani. Bai ce komai ba, sai ya aika a sayo mana fura.

Wannan ƙirga da agogo ba ni na ƙirƙiro ta ba. Maigidana na aiki, Allah Ya jiƙansa, wata uku ya sa ni ina zaune gaban mitoci da littafi, duk awa in rubuta abin da allurai huɗu suka nuna da yawan tsallensu. A lokacin gani nake wulaƙanci ne. Daga baya na gane magana tarko yake yi. Tartsatsi jefi-jefi a saman ma'auni, lafiya ce. Tartsatsin da ke ƙaruwa daidai lokacin da guduma ta buga, ƙura ce ta tashi, zai wuce. Amma wanda ke ta maimaituwa a ƙasan ma'auni, allura ba ta kai ko'ina ba an buge ta, wannan ba laifin kwantirola ba ne. Wani abu ya matso kusa da wani a ciki: allo ya lanƙwashe, waya ta saki tana lilo, ko mazurari ya cika. In ƙarfi ya kwanta kusa da sifili yawan wuta na sama, waya ta tsinke ta kwanta a kan allo, kuma kwantirola mai hankali za ta kashe kanta ta kunna ƙararrawa. In ƙarfi na sama yawan wuta na ƙasa, duba ko toka ta naɗe wayoyin. Mai gyaran da ya rage musu wuta ya ji tarko na kuka, sai ya toshe masa baki.

Akwai kuma wata cuta da ba ta zuwa da ƙara, ita ta fi ba mu wahala a siminti, musamman da rani. In ƙura ta bushe ƙamas, takan ƙi sakin cajin da ta ɗauko bayan ta manne a allo. Cajin ya taru a cikin kaurin ƙurar har ya fashe a nan cikinta, ya dinga feso caji mai kishiyantar wanda waya ke bayarwa, yana warware aikin da aka yi. A mita za ka ga yawan wuta na ta hawa, ƙarfi kuwa ya tsaya ko ma yana komawa baya. Sabon shiga sai ya yi murna, ya ce tarko na shan wuta da kyau, ga bututu kuwa ya yi fari fat. Maganinmu na farko ruwa ne: ana fesa shi a wata hasumiya kafin hayaƙin ya shiga tarko, ya huce ya ɗauki danshi. Na biyu a hannun kwantirola yake: ta buɗe ƙofa rabin zagaye ɗaya, ta tsallake biyu ko huɗu, don cajin da ke allo ya samu sararin tsiyayewa. Biyu ko huɗu ake tsallakewa, ba ɗaya ko uku ba, don bugun ya dinga zuwa wa taransifoma ta dama da hagu, kada ƙarfenta ya sha maganaɗisu ɓangare guda ya yi zafi. Abin mamaki, a nan rage wutar ne ke ƙara kamu, har da sauƙin kuɗin lantarki. Amma ragi ne da ido a kan mita, ba na tsoro ba.

Sai matsalarmu ta gida, wadda ba littafin da ya zo da na'urar da ya san da ita. An ɗauke wuta, an tada janareta, kowa ya ruga wajen injin da ke kawo kuɗi. Tarko ya faɗi tare da kowa, amma shi sai an zo an sake tada shi, kuma ba wanda aljihunsa ke jin rashinsa. Haka zai yini. Wasu kuma, ba sai na faɗi suna ba, da gangan suke kashe shi in dare ya yi, wai tattalin dizal, tunda ba mai ganin bututu a duhu. Su yi lissafi. Sashe ɗaya a bolt dubu 55 da miliamfiya 200, kilowat 11 ke nan. Fankar da ke jan hayaƙin kaɗai ta fi shi ci nesa ba kusa ba.

Zan yi wa masu masana'antu adalci a wuri ɗaya. Akwai lokacin da kashe tarko shi ne daidai. In wutar tukunya ba ta ci da kyau, iskar gas mai kamawa da wuta, irin wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, tana iya taruwa a cikin hayaƙin, tartsatsi ɗaya kuma ya isa ya tarwatsa ɗakin gaba ɗaya. Shi ya sa a siminti akwai na'urar da ke shinshinar gas ɗin, da ya haura ta yanke wutar tarko ba tare da neman izinin kowa ba. Saboda haka in maƙwabta suka ga baƙin hayaƙi na 'yan mintoci lokacin tada tukunya, a yi musu uzuri. Na mintoci na ce. Wanda ya kai daga asuba zuwa la'asar wani zance ne.

Roƙona ga jami'an NESREA, hukumar da aka kafa a 2007 don sa ido kan irin wannan, da na Ma'aikatar Muhalli ta jiha, shi ne in sun je duba masana'anta kada koriyar fitila ta ishe su. Su shiga ɗakin wutar, su tsaya minti biyar gaban kabad, su rubuta abin da mitar ƙarfi ta nuna, su gwada da abin da aka rubuta a jikin taransifoma, su ga ko allura na motsi. Su nemi littafin da ake rubuta awon kowace awa. In babu littafi, sun samu amsarsu. Wannan ba ya buƙatar kayan awo daga waje, agogo da biro ne. Malaman lantarki na Jami'ar Bayero da na Kwalejin Fasaha ta jiha kuma, don Allah a kai ɗalibai su ga abin nan yana aiki ko sau ɗaya ne kafin su gama. Ɗan maƙwabcina yana da takardarsa, ya san tayirista a kan allon aji sarai, amma ba wanda ya taɓa gaya masa akwai na'urar da aka gina don ta dinga yin abin da aka koya masa gudu.

Na saya masa littafi mai layi a Sabon Gari, na ja masa ginshiƙai da rula kamar yadda aka ja mini. Makon jiya ya kira ni wajen ƙarfe biyun dare, ya ce, "Baba, yi haƙuri na tashe ka. Sashe na biyu yana ta bugawa a 31, ba ya wucewa, na ɗaya da na uku lafiya." Na ce me kake gani? Ya yi shiru, na ji yana buɗe shafi. Ya ce, "Mazurari." Na ce je ka ɗora hannu a jikinsa ka ji ko ya yi sanyi, ka ƙwanƙwasa ka ji sautinsa. Bayan minti goma ya sake kira, ya ce a cike yake, bel ɗin injin da ke fitar da tokar ne ya tsinke.

Na gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin lantarki,
Sharaɗa, Kano.